Mujiyarka Ta Dawo, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule tela,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, Baba, ina sanar da kai baƙuwarka ta iso. Shekaranjiya da la'asar na hau saman bene kwashe shanya, na same ta a kogon bangon nan na bayan tankin ruwa, ido ɗaya a rufe. Ko ita ce ta da, ko 'yarta ce, ban sani ba. Na dai yi mata sannu da zuwa.

Ka tuna yadda maƙwabta suka tsane ta. Duk shigowar sanyi sai Hajiya Kande ta aiko a toshe kogon, wai mujiya ba ta sauka gida a banza. Kai kuwa sai ka ce, "Baƙuwa ce, ku ƙyale ta. Mu ma aikin Hajji kawai muka zo."

Ranar Juma'a kana rufe keken ɗinki za ka ja ni bakin teku, kallon tsuntsayen da sanyi ke korowa. Ka nuna mini zalɓe, ka nuna mini masu jajayen ƙafafu. Amma wadda kake jira ita ce farar nan mai dogon wuya ta jikin kalandar shagonka na Bab Makka. Kowa ya gaya maka irinta ba ta zuwa Jidda, ka ƙi yarda. Taurin kanka ke nan. Haka kake cewa baɗi za mu koma Katsina, har rai ya yi halinsa.

Cikin sanyi ka rasu, mujiyar tana nan. Hajiya Kande sama kawai ta kalla, wajen kogon. Maza suka kai ka. Har yau ban san inda kake kwance ba, don mata ba sa shiga maƙabarta a nan, kabarin ma babu suna. Gaban kogon nan ne ya zama wurin ziyarata, a nan nake maka addu'a.

Baba, an kama mijina Habu babu iƙama, takardar zaman ƙasa, an mayar da shi gida. Na yi ƙoƙarin riƙe yaran ni kaɗai, na kasa. Ranar Asabar zan miƙa kaina ga hukuma, a kai mu Katsinar da ban taɓa gani ba.

Wanda zai shiga ɗakinmu ya riga ya ga kogon, ya ce halas, magana ta ƙare, sai ya toshe shi da siminti. Na roƙe shi ya bari zafi ya shigo ta tafi da kanta. Ya ce insha Allah, idonsa na wani wuri.

Zuciyata a karye take. Baɗi mujiyar za ta yi doguwar tafiyarta ta tarar da bango a shafe, kuma babu wanda ya rage a unguwarmu ta Nuzla da ya san wurinka ne.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yalwata maka shi. Ita kuma Allah Ya haɗa ta da mai gida irinka.

'Yarka da za ta bar ka a nan,
Binta