Littattafai Ɗari Uku a Kulle: Ta'aziyyar Yaya Mai Ƙirga

Cikin alhinin da har yanzu bai sake mu ba, Ƙungiyar Ɗalibai Masu Nazarin Adabi da Kwamfuta a Ƙetare tana sanar da jama'a rasuwar shugabanta, malaminmu kuma babban yayanmu, wanda kowa ya sani da Yaya Mai Ƙirga, ranar Talata da hantsi a asibitin jami'a, bayan ya yanke jiki ya faɗi a gaban teburinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara bakwai marigayi ya yi a ɗakinmu na ƙarƙashin ginin sashenmu na jami'a, mai kwamfuta shida da taga ɗaya wadda ba ta buɗuwa. A nan ya koya mana yadda ake sa na'ura ta ƙirga kalmomin littafi, ta nuna wace kalma ke yawan bin wace, har ta bambance hannun wani marubuci da na wani. Amma bai taɓa yarda a ba na'ura littafin da ba a karanta da ido ba, domin a cewarsa na'ura awo kawai ta iya, ba ta san ɗanɗanon hatsi ba.

Babban aikinsa shi ne taskar littattafan harshenmu ɗari uku da goma sha ɗaya. Maiɗakinsa ce ke ɗaukar hoton shafukan da wayarta daga gida tana turo masa, shi kuma yana buga su da yatsa biyu. Sau uku yana ɗaure kaya zai je ganin iyali, sau uku ana ce masa in ya fita kafin sabuwar takardar zama ta fito, kada ya sa ran dawowa. Autarsa ta san muryarsa, ba ta san tsawonsa ba.

Mu ma fasfo ɗinmu wata biyar ke nan yana ofishin shige da fice, saboda haka ba mu samu damar kawo muku shi gida ba. A nan muka yi masa sutura, mu tara. Muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya ba mahaifiyarsa mai daraja, da maiɗakinsa, da 'ya'yansa, da ƙannensa haƙurin jure wannan babban rashi.

Akwai maganar da muka so a ce ba yau muke yinta ba. Taskar nan tana kulle a rumbunsa na kwamfutar jami'a, kuma ƙa'ida ta ce a goge rumbun mamaci bayan kwana talatin, sai in magada sun nemi a buɗe. Ba ma ganin laifin shugabar sashe: ta zo asibiti, ta roƙa mana alfarma, kuma ba ita ta rubuta ƙa'idar ba. Laifin namu ne. Kunya ta hana mu neman kwafi tun yana raye. Wa zai dubi idon yayansa ya ce a ba shi aikin ya ajiye saboda ko-ta-kwana? Ga shi huɗu daga cikinmu kundin digirinsu a kan taskar nan ya dogara. In ta tafi, ba karatu, ba takardar zama, ba kuma fuskar komawa gida hannu rabbana.

Zuwa ga maiɗakinsa, yayarmu: mun aika takardar neman buɗewa ta hannun ƙaninsa, sa hannunki kaɗai take jira, kuma kwana ashirin da shida suka rage. In kin sa, Allah Ya saka da alheri. In kuma kin ga gara aikin ya bi mai shi, babu wanda zai ce uffan a cikinmu, domin mu kundi za mu rasa, ke kuwa aikin nan ya riƙe miki miji shekara bakwai bai mayar ba.

Sa hannu:
Dogo,
Kakakin Ƙungiya, a madadin Majalisar Gudanarwa.