Allurar da Na Hana a Sake Yi wa Inna

Yaya Musa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Rabi da yara? Ya zafin Jidda? Mu nan Umdurman sai godiya.

Yaya, "da sauƙi" da nake ta ce maka a waya game da jikin Inna ba gaskiya ba ne. Watannin baya an sa wa Inna siririyar allura, aka ɗebo ɗan nama na gwaji daga bankiriyas ɗinta, gaɓar da ke bayan tumbi. Likita ta ce ya yi kaɗan, sai an sake. Ganin wahalar da Inna ta sha, na rantse ba mai ƙara soka mata komai. Na sa ta a raksha, keke mai ƙafa uku, muka koma gida, muka kama jiƙe-jiƙe.

Sai makon jiya na yarda aka sake. Ƙari ne irin wanda ba a cika gani ba. Likitar ta ce, "Hauwa, da a lokacin ne, da mun cire shi."

Inna ba ta sani ba, kullum albarka take sa min. Ka yi mata addu'a, ka gaishe da kowa. Ka yafe min, ka taho.

Ƙanwarka,
Hauwa