Zakaran Yaya Chimwala

Litinin, 4 ga Satumba

Yau ma 'yata Tadala ta zo min da saƙon mijinta. Wai lokacin chitopa ya matso, ciwon nan mai share kaji in zafi ya shigo, kuma a watan Yuli ban bari ya ɗiga wa nawa magani a ido ba. Na ce ta gaya masa kajina ba makafi ba ne. Mutumin da ya tare a gidanmu da bargo ɗaya da fatanya, don kawai an koya masa aikin kwana uku an rataya masa kwalba, shi zai koya min kiwo? Kajina goma sha tara, jajaye masu gajeren ƙafa, irin na mahaifiyata ne. Tun ba a haifi uwarsa ba suke tono a tsakar gidan nan.

Asabar, 9 ga Satumba

Yaya Chimwala ya zo daga kasuwar Lizulu da kyautar zakara, ƙato. Ya ce arha ya same shi. Ina cikin godiya sai ga Tadala tana raɗa min wai mijinta ya ce a ɗaure shi bayan rumbu sati biyu kafin ya shiga cikin sauran. A gaban Yaya, babban danginmu! In ɗaure kyautar yayana kamar ɓarawo? Da hannuna na kwance shi na sake shi. Shi kuwa gogan, mijin nata, yana can gindin mangwaro ya ba ni baya, wai kunyar suruka. Kunya a ido, raini a ciki.

Laraba, 13 ga Satumba

Zakaran bai yi cara ba. Gajiyar hanya ce.

Juma'a, 15 ga Satumba

Ya mutu da hantsi. Kaji huɗu sun saki fukafukai, kashinsu kore shar, suna buɗe baki suna jan numfashi. Na daka barkono da toka na zuba musu a ruwa. Tadala ta ce in bari mijinta ya gani, na ce ta fita min daga ido.

Lahadi, 17 ga Satumba

Bakwai sun tafi. Ko coci ban je ba. Na kwashe gashinsu na watsa a mararraba yadda ake yi, don ciwon ya bi masu wucewa. Ina dawowa na hango mijin Tadala yana bina a nesa da buhu, yana tsince gashin ɗaya bayan ɗaya. Ya haƙa rami ya binne. Jama'a na dawowa daga coci suna kallo. Wallahi na tsani mutumin nan.

Talata, 19 ga Satumba

Kajin Tadala guda takwas ko atishawa ba su yi ba, alhali kasko ɗaya suke shan ruwa da nawa. Na faɗa wa matan rijiya abin da nake zargi, ban kuma rage murya ba. Ɗaya daga cikinsu, Nangozo, ta kwashe da dariya ta ce, "Haba ke kuwa, in maita ce ai ni ma ya ɗiga wa nawa, ga su can suna cinye min gyaɗa." Ba zan ƙara ara mata turmi ba.

Laraba, 20 ga Satumba

Na haɗiye girmana na aika Tadala ta ce ya zo da kwalbar tasa. Amsa ta dawo: ba a ɗiga wa marar lafiya, riga-kafi ne, ba magani ba. A dai raba masu ci da marasa ci, a kulle su. To, ka gani! Da ba a nema ba ya dami mutane, da aka nema ya noƙe.

Na dai raba su. Don kaina na yi.

Litinin, 25 ga Satumba

Saura ɗaya. 'Yar budurwar kaza, wuyanta ya ɗan karkace, amma tana cin tsaki. Na zauna bakin akurki na yi kuka, na kira sunan mahaifiyata. Yaya Chimwala ya aiko da jaje, har da cewa shi ma ya lura mai zakaran yana ta saurin rabuwa da shi. Yanzu yake faɗa! Ni ma ai na ga idon zakaran nan a kumbure ranar da na kwance igiyar. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Kazar nan da ta rage ta ƙyanƙyashe shida, huɗu jajaye masu gajeren ƙafa. Zakaran Tadala ne uban, ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban tambaya ba.

Da safe na ga mijin Tadala ya rataya kwalba zai shiga gari. Tadala tana gona, babu ɗan aike. Na kwaso 'yan tsakin a kwando na ajiye a kan hanyarsa, na juya wa rumbu fuska na ce, "Kai rumbu, in akwai mai magani a gidan nan, ga marayu."

Ya tsaya cak. Sai shi ma ya fuskanci rumbun ya ce, "Rumbu, a gaya wa Mama sai an riƙe min kansu."

Na riƙe. Ɗigo ɗaya-ɗaya ne ashe, ba wani abin kirki ba. Tuwon rana na sa masa ƙwai biyu a miya, don dai kada su lalace.