Abena a Bronx, Akua a Thailand

Morrisania, Bronx
Nuwamba 2011

Assalamu alaikum Yussif,

Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya, idan ana kiran mai cikin wata takwas da ke hawa bene hawa huɗu kullum lafiyayya.

Na koma rubuto maka ne domin waya ta gagara. In na kira kana barci, in ka kira ina wajen tsohuwar da nake yi wa jinya a Fordham Road. Lokacin da ka koma buga ƙwallo a Thailand bayan hutu, da bakinka ka ce lig zai ƙare ka dawo kafin in haihu. Yanzu ƙanwarka Zuweira ta ce wai an ɗage wasanni saboda ruwa. Wane irin ruwa ne wannan? A Kumasi ba cikin ruwa kuka koyi ƙwallon ba?

Maame Akosua tana gaishe ka. Duk safiyar wasa sai ta sa Zuweira ta kunna mata kwamfuta, ta zauna tana zagin alƙalin wasa da harshen Twi har maƙwabta su buga bango. Uwarka ce, na ƙyale ta. Amma na gaji, kuma ina jin tsoro. Haihuwar fari ce, ina son ka kasance a nan.

Matarka,
Tahiratu

Bangkok
Nuwamba 2011

Wa alaikumus salam Tahiratu tawa,

Wallahi ba ruwan Kumasi ba ne, ambaliya ce. Filinmu ya zama tafki, jiya na ga wani yana kamun kifi daidai inda golanmu ke tsayawa. A wurin ajiye motoci muke atisaye. An tura sauran wasanni gaba, sun ce sai Janairu za a gama.

Kulob uku na ƙasan tebur ne ke faɗawa ƙaramin lig, mu kuma muna dab da su. Ni ne babba a 'yan baya. In na tafi yanzu, koci ba zai sake kallon fuskata ba. Ki ƙara haƙuri kaɗan, ki rage hawa benen nan.

Ki gaishe da Maame, ki ce mata alƙalin ba ya jin Twi.

Naki har kullum,
Yussif

Bangkok
Disamba 2011

Assalamu alaikum uwar 'yata,

Alhamdu lillahi! Na tashi sallar asuba ranar Laraba na tarar da saƙon Zuweira: mace, lafiya lau, ke ma lafiya. Na yi kuka kamar yaro. Sunan yanka na bar miki, ki sa mata Damata, sunan mahaifiyarki. Amma sunan rana nawa ne, na dangin Maame, kuma 'yar Laraba ai Akua ce.

Ki ce Zuweira ta nuna miki wasan Asabar. Na sa an buga mini AKUA da manyan baƙaƙe a farar singileti, na saka a ƙarƙashin jesi. Ni da ban ci ƙwallo ko ɗaya ba duk bana, aka bugo kwana, na sa kai, ta shiga! Na tuɓe jesi na ruga gaban kyamara. Alƙali ya ba ni katin gargaɗi, ko a jikina. Duk Thailand ta ga sunan 'yarmu.

Ki sumbace mini ita.

Baban Akua

Morrisania, Bronx
Disamba 2011

Wa alaikumus salam Yussif,

Na gode da wasiƙarka. Na ga wasan. Duk Bronx ma ta gani.

Ranar Talata na haihu, Yussif. Talata bayan la'asar. Larabarku ce ta riga tamu zuwa, domin ku kullum kuna gaba da mu da rabin yini. Shekara biyu kana can, ka san lokacin da za ka kira ka tashe ni daga barci, amma wannan lissafin ya fi ƙarfinka? Tun a asibiti Maame ta ɗauke ta ta ce Abena, sunan 'yar Talata, kowa kuma Abena yake kiranta.

Ranar suna gida ya cika da mata, har daga Tompkinsville. Zuweira, da nufin ta faranta mini, ta kunna ƙwallon da ka ci. Ka tuɓe riga, sunan ya bayyana ɓaro-ɓaro. Sai wata mai sayar da atamfa ta juyo ta ce, "Tahiratu, wace ce Akua?" Wata ta ce, "Ƙyale ta, jego take yi." Maame ta dafe kai tana ta "Ei, Yussif! Ei!" Ni da ɗinki a jikina na tsaya ina yi wa mata bayanin agogon duniya, suna gyaɗa kai irin na tausayi. Har yau akwai waɗanda ba su yarda ba.

Dariyar ba ta dame ni sosai ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ranar da na fi buƙatarka a duniya, ba ka ma san wace rana ce ba. Na yi ta kiran sunanka a ɗakin haihuwa har wata nas ta tambaye ni ko kana hanya.

Maame ta ce kada ka sake kunyata ta a talabijin.

Maman Abena

Bangkok
Janairu 2012

Assalamu alaikum Tahiratu,

Na karanta wasiƙarki ya fi a ƙirga. Ki yafe mini.

Lig ya ƙare, ƙungiyar Buriram ta ɗauki kofi, mu kuma mun tsira da ƙyar. Koci ya ce ƙwallon nan tawa ce ta cece mu. Yanzu magoya baya ba sa kiran sunana, da na taɓa ƙwallo sai fili ya ɗauka, "Akua! Akua!" Na yi ƙoƙarin gyara musu, sun ƙi.

Ga maganar da nake jin nauyinta. Sun ba ni takardar ƙarin shekara guda, sabon lig zai fara a Maris. Zan iya zuwa in yi sati uku in koma. Ban sa hannu ba. Shekaruna talatin da ɗaya, ban san ko wani kulob zai sake nemana ba, kuma ban san abin da zan yi a Bronx ba in ban da tuƙin tasi. Me kika ce?

Mijinki mai laifi,
Yussif

Morrisania, Bronx
Janairu 2012

Wa alaikumus salam,

Na yafe maka. Barka da tsira.

Ba zan ce ka sa hannu ba, ba zan ce kada ka sa ba. Akua tana Thailand, dubban mutane suna rera sunanta, ba ta rasa kowa ba. Abena tana nan hawa na huɗu. Jiya ta fara murmushi, kuma mai kawo mana wasiƙu ta yi wa, domin shi ne namijin da ta fi gani.

Ka zaɓi wadda za ka zama ubanta.

Ka huta lafiya,
Tahiratu