Gonar Da Ba Ta Cin Taki

Zuwa ga uwar yara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya kamar yadda nake lafiya, in ban da ciwon bayan nan da kika sani. Yaya 'yarmu da ƙarfin jiki? Yaya 'yan biyu? Direban motar kasuwa ya ce mini ɗaya ya ɗebo hancina. Allah ya raya su duka, shi kuma mai hancin Allah ya ba shi haƙuri.

Na koma rubutu ne don wayar surukinmu ba ta da sirri. Ran nan ina gaya miki na ƙona tukunya, sai na ji gidan gaba ɗaya ya fashe da dariya.

Ga labari. Kamfanin nan da ya gina rumbunan ƙarfe a bakin titi ya zo wa ƙungiyarmu ta manoma da sabon tsari. Su za su ba mu iri da taki, su kuma za su sayi masarar da kaka. Amma sun ce an daina raba taki kamar goron biki, kowa buhu iri ɗaya. Sai an gwada ƙasar gonar mutum, a ga abin da take nema, sannan a haɗa masa nasa. Sun turo wata malamar gona, sa'ar 'yarmu ce, da takalmin roba har gwiwa. Ta ba kowa leda mai lamba, ta ce a tona wuri goma a cikin gona, a cakuɗa a bokiti, a ɗebo cikin hannu biyu. Ta ja kunne kada a ɗebo daga gindin bishiya ko kusa da juji. Ta kuma ce in sakamako ya fito, a taron ƙungiya za a karanta, a gaban kowa.

Ni dai na kai tawa tun Litinin. Baƙa wuluk, ga laushi, har malamar ta jinjina ledar ta sake dubana. Ta maƙwabcinmu Gajere kuwa, in kin gani kya ce yashin gini ya kwaso.

Sai magana ta biyu, ki zauna kafin ki karanta. Jujin nan naki na bayan gida, wanda kika yi shekara da shekaru kina tara masa kashin kaji da toka da shara, na rabu da shi. Buhunan kamfani suna tafe, dole su sami wurin zama, kuma kin san tun ba yau ba warinsa yake hana ni shan iska. Gajere ya ce yana so, na ce ya kwashe ko na huta. Sawu tara ya yi da amalanke, yana ta godiya kamar na ba shi 'ya. Na share wurin fes, na kafa rumfa, na jera katako a ƙasa saboda damshi. Kada ki ɓata rai, zamani ya wuce kashin kaji.

Ki gaida surukinmu, ki shafa mini kan jikokina. Kajinki suna nan lafiya, ci kawai suke yi.

Ni ne mijinki,
Baban yara.

Zuwa ga uwar yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya hidima da masu jego? Na ji an ce mai hancina ya fi kuka, wannan kuma ba daga wajena ya gado ba.

Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na farko a tsaye, na biyu a zaune. Faɗan juji na karɓa. Sunan da kika maimaita mini har sau uku, wai Gagara-shawara, shi ma na karɓa, ai ba yau aka raɗa mini shi ba. Sai dai tambayar da kika yi, cewa a wane lungu na gonarmu na sami baƙar ƙasa alhali ke jar ƙasa kika sani mai tauri kamar daɓe, wannan magana ce ta manoma, sai kin dawo.

Albishirinki. Sakamako ya fito, kuma mijinki ne ya zo na ɗaya. Malamar ta tsaya gaban taro ta ce tunda ta fara aiki ba ta taɓa ganin ƙasa irin tawa ba. Duk abincin da shuka ke nema akwai shi, har da ragowa. Aka yi tafi. Shugaban ƙungiya ya rungume ni, mutumin da rabonsa da ya amsa gaisuwata da kyau tun rikicin iyakar gona. Kamfani ya ba ni hula mai tambarinsu, da allo babba da za a kafa a bakin gona, an rubuta Gonar Misali. Da kin ga yadda na tako zuwa gida.

Sai dai ana ga wata ga wata. Da aka zo rabon taki, Gajere buhu shida, shugaba buhu takwas, har mai shagon walda da gonarsa ba ta kai tabarma uku ba ya sami biyu. Aka zo kaina, sai malamar ta yi murmushi ta ce, “Baba, kai ai ba ka buƙata. In muka ƙara wa ƙasarka taki, ɓarna ce kawai.” Aka sake tafi. Ni ma na taya su, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Iri dai sun ba ni, kuma ruwa ya sauka, na yi shuka shekaranjiya. Rumfar da na kafa tana nan, kajinki sun mai da ita wurin hutawa, suna hawa katakon suna abin da suka saba.

Kada ki ce komai ya dame ni. Kawai dai abinci ne ba ya shiga sosai kwana biyun nan, ina jin girkina ne.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Baban yara.

Zuwa ga uwar yara,

Ina gaisuwa. Ina fata ku kuna lafiya, don ni kam ba zan yi miki ƙarya ba, lafiyar sai a hankali. Wannan takardar ki karanta ta ke kaɗai, ko 'yarmu kada ta leƙa.

Masara ta yi sati biyar. Ta Gajere ta kai ƙugu, kore shar har tana baƙi-baƙi, ga takin kamfani ga jujinki a ƙarƙashinta. Tawa ko gwiwa ba ta kai ba, ganye ya yi ruwan ɗorawa, kara siriri kamar tsinken tsintsiya. Ga allo a tsaye a bakinta, Gonar Misali. Kullum da safe Gajere sai ya tsaya a kan iyaka ya ce yaya mai jiki. Da na ce wane mai jiki, sai ya nuna masarar da haɓa ya wuce.

Za ki ce me ya hana ni sayen taki a kasuwa. Na je. Ina sa ƙafa a shagon, mai shago ya miƙe ya shaida wa duk wanda ke ciki cewa ga mai gonar da ba ta cin taki, ya ce da kowa irina ne da tuni ya rufe shago. Ga hular kamfani a kaina. Igiya na saya na fito, yanzu muna da igiya huɗu, don sau huɗu na je.

To, ga amsar tambayarki. Ƙasar nan ba daga gona na ɗebo ta ba. Ranar da aka ba mu leda na je gonar da bokiti, na tona wuri uku, fartanya tana ƙara kamar ina sarar dutse. Na dubi abin da ke cikin bokitin, na tuna za a karanta shi a gaban Gajere da shugaba, a ce gonar da mahaifina ya bar mini ta mutu a hannuna. Zuciyata ta ƙi. Na zubar, na dawo gida, na tura hannu ƙarƙashin jujinki na ɗebo. A raina na ce ai ko asibiti mutum zai je yakan yi wanka ya sa riga mai kyau. Na ɗauka za su yaba, sannan su ba ni takin kamar kowa, wataƙila ma su ƙara mini don ƙwazo. Ban san maganin sai mara lafiya ake ba wa ba.

Yanzu kuma ga abin da ya hana ni sukuni. Malamar ta aiko cewa ranar Alhamis manajan kamfani zai zo da manoma mota biyu daga wasu garuruwa, su ga gonar misali, ni kuma in yi musu bayanin sirrina. Na roƙi Gajere ya bari in kafa allon a gonarsa na wuni ɗaya. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce shi ba ya ba da aron gona, kuma ai tun ranar da ya kwashe juji ya ga ramin hannuna a ƙarƙashi.

Tsoro nake ji, uwar yara. In suka kore ni daga tsarin, babu taki babu mai saye, kuma masarar nan in ta ƙara sati biyu a haka, bana sai dai mu ci kara. Da kina nan da tun ranar bokiti kin tare ni a bakin ƙofa. Na yi kewarki, har da faɗan.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki.

Zuwa ga uwar yara,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu da surukinmu da 'yan biyu. Takardarki ta zo ranar Laraba, layi ɗaya tak: ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gode, ko da yake na so ki ɗan ƙara ko da sannu ce.

Sun zo. Mota biyu kamar yadda aka faɗa, da manaja mai fararen takalma, da mai ɗaukar hoto. Suka sauka suka tsaya gaban allo, suka dubi masara, suka sake duban allo. Wani dattijo daga cikin baƙin ya tambaya a hankali ko misalin abin da za a guje wa ne aka kawo su gani. Malamar kuwa ta shiga cikin gonar ta durƙusa, ta murza ƙasar a hannu. Na ji manajan yana tambayarta ko a ɗakin gwajinsu aka yi musayar ledoji, na ga fuskarta ta canza. Nan na gane in na yi shiru, yarinyar mutane ce za ta rasa aikinta saboda girman kaina. Sa'ar 'yarmu ce fa.

Na cire hular na riƙe a hannu, na faɗi komai, tun daga bokiti har igiya huɗu. Dariyar da aka yi, ina jin har a rumbunan ƙarfe an ji ta. Gajere ne kaɗai bai yi ba, ya riga ya ƙarar da tasa.

Da aka lafa, malamar ta ce in nuna mata inda na ɗebo. Haka na jawo mota biyu na mutane har bayan gidanmu, suka tsaya cirko-cirko cikin kaji. Ta tona ƙarƙashin katakon, ta shinshina, ta tambayi wanda ya haɗa wannan. Na ce matata ce. Ta tambayi ina jujin yake. Gajere ya ɗaga hannu.

Ba su kore ni ba. Ta ɗebi ƙasar gonar da hannunta, wuri goma cif, kuma kafin sakamako ya fito manajan ya yarda a ba ni buhu biyu in yi wa masarar gaggawa. Na zuba jiya bayan ruwa. Ta ce in Allah ya yarda rabi zai tsira, rabi kuwa na riga na yi sadaka da shi. Ta kuma gaya mini abin da ban so ji ba, cewa ko buhu ashirin aka juye wa gonar nan ba za ta farfaɗo ba sai an mayar mata da irin abin da kike tarawa, don shekara ashirin ina ɗiba ban mayar ba.

Allon sun cire shi daga gona. Malamar ta sa an kafa shi a bayan gida, jikin rumfa, ta ce in kin dawo tana so ki koya wa ƙungiya yadda ake haɗa juji, har da shugaba. Hular ma taki ce, na wanke ta na rataye a ƙusa. Gajere kuma, Allah ya saka masa, ya dawo da amalanke biyu na jujin da suka rage masa, bai ce komai ba sai yaya mai jiki.

Yanzu kullum da safe ni ke share akurkin kaji da hannuna, ina tarawa a ƙarƙashin rumfar buhuna. Sai dai ban san tsarin ba. Toka ce a ƙasa ko kashin kaji? Ana yayyafa ruwa ne, ko ana barinsa haka? Shekara ashirin ina wucewa ta wurin da hannu a hanci, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ki rubuto mini dalla-dalla, ko kuma in 'yarmu ta yi ƙwari, ki biyo direban motar kasuwa ki dawo ki nuna mini da kanki. Wurin zamanki yana nan, kuma warin bai dame ni ba ko kaɗan.

Ki shafa mini kan jikokina, ki faɗa wa mai hancina ya riƙa jin maganar mata.

Ni ne mijinki mai jiran amsa,
Gagara-shawara, mai neman shawara.