Kabarin Abdulghani a Bakin Ruwan Madatsa

Zuwa ga: Mai Girma Mudir, Ofishin Kula da Madatsar Ruwa ta Kan Dutse
Daga: Dela Rafi'u, unguwar Bani Malik, Jidda
Kwanan wata: 14 ga Rajab, 1446

Game da: Hana ni ganin kabarin mijina, da ruwan da ke shirin cinye shi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba. 'Yata mai suna Bayan ce ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana. Wannan ce takardata ta huɗu.

1. Mijina, marigayi Abdulghani Usuman, ya yi shekara ashirin da shida yana gadin madatsarku. Ya rasu a bakin aiki ranar 9 ga Zulhajji, 1430. Ambaliya ta yanke hanya, sai abokan aikinsa suka binne shi a can, a gangaren dutse, sama da ruwa.

2. Kun san mata ba ma shiga maƙabarta. Don haka kowace shekara nakan hau kan bangon madatsar, in hango duwatsu biyun da ke kansa, in yi masa sallama, in juyo. Shekara goma sha biyar ban taɓa ɗaukar ko tsakuwarku ba.

3. A ranar 2 ga Muharram, 1446, na tarar an sa ƙofar ƙarfe. Sabon mai gadi ya duba iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, ya ce sai ma'aikata, halas, magana ta ƙare. A kujerar mijina yake zaune yana korata!

4. Wani tsohon abokin aikinsa ya shaida mini cewa tun da aka ƙara tsayin bangon, ruwa yake hawa. Saura taku bakwai ya kai kabarin, ga shi muna cikin watannin ruwa. Ruwan nan shi ake turo mana a famfo. Ku gaya mini, da wane baki zan sha shi? Da shi zan yi alwala?

Saboda haka ina roƙon a tono shi a mayar da shi kan tudu, yadda addini ya yarda. Na san ba za ku yi ba. To aƙalla a buɗe mini ƙofar nan sau ɗaya, kafin ruwa ya riga ni. Ba zan wuce minti goma ba, ƙafafuna ma ba za su bari ba.

Allah ya ƙara girma.

Taku cikin ladabi,
Dela Rafi'u
(dangwalen yatsa)