Kada Sunanki Ya Hau Gidan Inna

Seremban,
cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga ƙanwata Haslinda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya aikin asibiti, ya ruwan saman garinku Kuching da ba ya gajiya? Allah Ya ƙara miki haƙuri da marasa lafiya, Ya kai mu azumi da rai da lafiya. Mu nan alhamdulillahi, sai tarin 'yata Dahlia da ya ƙi sakinta saboda danshin ɗakin da muke ciki. Syafiq ya yi tsawo har ya kusa kamo babansa, ci kuwa ba a magana. Maigidana Kamarul yana nan da motar kifinsa, kullum ƙarni ne ke riga shi shigowa gida. Na zaɓi in rubuto ne don na san halina, idan na kira ki a waya kuka zai riga magana fita.

Kin san shirin nan na gwamnati da ke tallafa wa masu sayen gidansu na farko, a ɗauke wa mutum kuɗin shiga, banki kuma ya sassauta masa. Tun Dahlia na goye muke binsa. To bana sunanmu ya fito. Muka je muka ga gidan, hawa na huɗu, ɗaki uku, taga tana kallon filin wasan yara. Ni da ban iya ɓoye murna ba, har faɗin tagar na auna da gyalena don labule. Dama mai gidan da muke haya ya ce mu tashi bayan Sallah zai ba ɗansa, na ce masa kada ya damu, kafin lokacin ma mun kwashe.

Ranar da muka koma ofishin don kammalawa, wata yarinya da ba ta kai ki shekaru ba ta duba na'urarta, ta ɗago cikin ladabi ta ce wai ai Anti tana da gida. Na yi dariya, na ce a ina yake in tare yau? Sai ta karanto sunan ƙauyenmu. Haslinda, gidan Inna ne. Kin tuna bayan arba'in ɗinta Kawu Mokhtar ya kai ni ofishin filaye aka sa sunana, tunda a wajenmu gida da ƙasa na 'ya'ya mata ne, ke kuma aka ɗaga naki saboda ba ki sami hutu ba. Na ciro hoto na nuna mata: gara ta cinye matakala, rufin madafa ya rufta, birai ne ke kwana a falon. Ta ce ita ba gini take dubawa ba, suna take dubawa. Na ce to Kamarul ya nema shi kaɗai, ta ce mata da miji abu ɗaya ake lissafa su. Na ce in na cire sunana fa? Ta ce shirin na wanda bai taɓa mallakar gida ba ne, ni kuwa na riga na taɓa. Har haƙuri ta ba ni, shi ne ma ya fi ƙona min rai, don da ta yi rashin kunya da na sami wanda zan sauke wa.

A hanya Kamarul ya yi ta zolayata, wai ashe uwar ɗakin birai ya aura bai sani ba, da tuni ya aje tuƙi ya koma karɓar haya a hannunsu. Na yi dariya, shi ma ya yi. Maƙwabciyarmu Salmiah, mai maganin kowace matsala, ta leƙo ta ce ai abu mai sauƙi ne, mu rabu a takarda, in ya karɓi makulli a mayar da aure. Ban taɓa ganin idon Kamarul ya yi ja haka ba. Ya ce mata gara ya kwana da mu a bayan motar kifi.

Na je ƙauye wajen Kawu, na same shi a gindin bishiyar durian yana fifita. Ya ce shi bai taɓa jin mace mai ƙasa tana kukan gida ba, me za mu yi da kejin siminti a sama, mu dawo mu gyara na uwarmu. Na ce Kawu, aikin Kamarul fa, makarantar yara fa, ganye za mu ci? Ya ce bakina ya yi tsawo tun da na koma birni. Sayarwa kuma kin sani, sai ga mace 'yar dangi, wace ce a cikinsu za ta sayi gara? Da zan tafi ya ce ke yake jira da Sallah ya kai ki a ƙara sunanki, kada duniya ta ce babba ta danne ƙarama.

Wannan shi ne dalilin takardata. Tawa ta riga ta ƙare, na daina yaudarar kaina. Mun sami wasu ɗakuna biyu a saman garejin kanikawa, can za mu koma, kuma a shekarunmu ban ga bankin da zai sake kallonmu ba. Amma ke sunanki bai hau komai ba tukuna, ga aurenki da Azlan baɗi. Ki zo Sallah, ki ci lemang, shinkafar nan tamu ta cikin gora, mu je kabarin Inna tare, amma don girman Allah kada ki bi Kawu ofishin nan. Ki ce ciwon kai, ki ce an kira ki aiki, ki ce ma ni na hana. Zai yi fushi, zai ce Kuching ta mantar da ke nonon da kika sha. Gwaggo Rokiah kuwa na san kafin a sauko daga idi ta gama zaga ƙauye da cewa na yi miki wayo. Ki ƙyale su, kada ki kare ni, don in kika buɗe baki Kawu zai lallashe ki, na san taushin zuciyarki. Ki fara riƙe makullin naki gidan a hannu, daga baya ki zo ki ɗauki rabin na Inna, ko duka ma, wallahi ba zan ce komai ba.

Kamarul yana gaishe ki, yara ma suna gaida ƙanwar mamansu. Ki gaida Azlan da mahaifiyarsa, da abokiyar zamanki Norliza. Allah Ya ji ƙan Inna, Ya sa ke ki samu abin da ban samu ba.

Yayarki da za a ce ta cinye miki gado,
Rosnita.